Tambaya kan wasan Jotun: nauyin gatarin Thora aibi ne, ko da gangan aka yi shi?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tambayata tana zuwa ga waɗanda suka taɓa buga wasan kwamfuta mai suna Jotun, wanda wani ƙaramin kamfani na birnin Montreal a Kanada, Thunder Lotus Games, ya fitar a shekarar 2015. Wani abokina da ya dawo Damagaram daga karatu ne ya taimaka mini na same shi, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsohuwar kwamfutata ta ɗauke shi ba tare da gardama ba, alhali yawancin wasannin yanzu ko buɗe su ba ta iyawa.

Ga wanda bai san shi ba, labarin wata jaruma ce mai suna Thora daga mutanen Viking, mazauna arewacin Turai na dā, wadda jirginta ya nutse a teku ta mutu ba a fagen fama ba. A al'adar mutanenta irin wannan mutuwa ba ta kai mutum Valhalla, zauren da suke cewa jarumai ke taruwa, saboda haka aka ba ta dama ta biyu: ta kayar da ƙattai biyar, kowanne da yankinsa, kafin a buɗe mata ƙofa. Duk abin da ke cikin wasan da hannu aka zana shi, kuma muryar da ke ba da labari da harshen Ayislan take magana, ni kuwa ina bin fassarar Faransanci da ke fitowa a ƙasa.

Na kayar da ƙatuwar farko, Jera, bayan gwaji kaɗan. Daga nan na nufi yankin ƙanƙara, kuma yau dare huɗu ke nan ina gaban ƙaton da ake kira Isa ba tare da na ga bayansa ba. Thora tana da sara iri biyu, ƙarami mai sauri da babba mai ƙarfi, amma kafin ta ɗaga gatarin ta sauke babban saran sai in ga kamar an yi shekara, kuma sau da yawa a cikin wannan jiran ne ƙaton yake bi ta kaina. Ƙaramin saran kuma bai fi cizon sauro ba a jikinsa. Jiya na rage masa rai har ya kusa ƙarewa, sai aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa, na zauna cikin duhu ina jin zuciyata tana bugawa. Shin akwai abin da na kasa ganewa ne, ko kuwa haka wasan yake da nauyin jiki?

Abu na biyu, taswirar wasan ba ta nuna inda mutum yake tsaye, kuma na ɓata fiye da rabin awa ina zagaye wuri ɗaya. Na uku, wanda ya fi damuna, ƙanena ɗan shekara 11 yana zama kusa da ni yana kallo, kuma ya fara tambayata wane ne Odin da dalilin da ya sa ƙaton yake da sunan Isa. Ina son shawarar waɗanda suka fi ni sani kan yadda zan amsa masa.

Tsohon Ɗan Wasa daga Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na gama wannan wasa shekaru uku da suka wuce, cikin kimanin awa shida, kuma inda ka tsaya ni ma na tsaya, don haka na san zafin da kake ji.

Kuskuren da nake zargin kana yi shi ne ka je wurin Isa hannu rabbana. Bayan Jera, ba dole ba ne ka bi yankunan a jere. Ka koma Ginnungagap, filin nan na tsakiya inda hanyoyi suke rabuwa, ka shiga sauran wurare ka tattara abin da aka ɓoye a cikinsu, ko da ba ka yi niyyar fuskantar ƙattansu yanzu ba. Abu biyu za ka nema. Na farko tuffar Idunn, 'ya'yan itacen nan masu launin zinariya, domin kowacce ka samu tana ƙara tsawon ran Thora har ƙarshen wasa. Na biyu wuraren da ake samun baiwar abubuwan bautar mutanen Thora, kuma baiwar guda shida ce: ta Frigg tana warkarwa, ta Heimdall garkuwa ce ta ɗan lokaci, ta Freya tana ƙara gudu, ta Thor tana ƙara wa babban sara nauyi, ta Loki tana ajiye wata Thora ta ƙarya da ke jan hankalin abokin gaba kafin ta fashe, ta Odin kuma mashi ne da ake jifa daga nesa. Kowacce sau kaɗan ake amfani da ita kafin ta ƙare, sai an je rijiyar Mimir a sake cikawa, saboda haka wanda ya zubar da su a farkon faɗa zai nemi su a ƙarshe ya rasa, a daidai lokacin da ƙaton ya fusata ya ƙara zafi.

Game da nauyin gatari kuwa, ina roƙonka ka daina kallonsa a matsayin aibi. Ka tuna yadda manyan 'yan kokawa suke yi idan ana neman takobin ƙasa: za ka ga mutum biyu sun sunkuya suna zagaya juna, hannu yana taɓa hannu, minti yana wucewa ba wanda ya kai kamu, har 'yan kallo su fara gunaguni. Wanda bai san kokawa ba zai ce ba a yin komai, amma a wannan lokacin ne kowa yake karanta ƙafar ɗan'uwansa. Haka faɗan Jotun yake. Kowane hari na ƙaton yana da alamar da ke zuwa kafinsa, kuma bayan ya kai harin akwai ɗan lokacin da yake buƙata ya tattara jikinsa. Babban sara na wannan ɗan lokacin ne kaɗai. Idan ka fara ɗaga gatari kana fatan ƙaton zai jira ka, ka riga ka faɗi.

Shawarata ita ce ka shiga faɗan sau biyu ko uku ba da niyyar cin nasara ba. Kada ka kai sara ko ɗaya. Ka yi ta kaucewa da mirginawa kawai, kana ƙirga hare-harensa da idonka, har ka iya faɗin abin da zai yi kafin ya yi. Idan ya taso da gudu ya nufo ka, ka kauce gefe, kada ka juya baya ka ce za ka tsere masa, domin takunsa ɗaya ya fi naka goma. Ka kuma kula da santsi, saboda a kan ƙanƙara Thora ba ta tsayawa inda ka so ta tsaya, dole ka saki madanni tun kafin ka isa. Idan kana da manet, wato na'urar hannu ta buga wasa, ka yi amfani da shi, ya fi madannan kwamfuta sauƙin juyi.

Mai Zanen Alluna ya amsa:

Yayanmu na Zango ya yi bayanin faɗa, ni kuma ina so in tsaya kan zanen, domin sana'ata ce, kuma a ganina amsar tambayarka ta farko a cikinsa take.

Motsin da aka zana da hannu ba ya samuwa sai an zana hoto bayan hoto, kowanne ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi. Fim yana tafiya da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kuma masu zanen hannu sukan zana 12 su bar kowanne ya tsaya sau biyu. Ka lissafa da kanka yawan zanen da ake buƙata kafin ƙato ɗaya ya ɗaga hannu, ya riƙe shi a sama, ya maka shi ƙasa, ya sake miƙewa. Mutanen da suka yi wannan wasa ba su da yawa, kuma ta hanyar neman gudummawar jama'a a shafin intanet na Kickstarter a 2014 suka samu kuɗin fara aikin. Wanda yake da hannaye kaɗan da kuɗi kaɗan ba ya zana motsin banza. Saboda haka duk wata karkata kafaɗa da ja da baya da ka gani a jikin Isa, wani mutum ne ya zauna ya zana ta don ya gaya maka abin da ke tafe. Masu zanen motsi suna da ƙa'idar cewa kafin jiki ya tafi gaba sai ya ɗan koma baya, kamar yadda mai daka take ɗaga taɓarya sama kafin ta sauke ta cikin turmi. Gatarin Thora ma a kan wannan ƙa'ida aka zana shi, kuma da an sa shi ya sauka nan take, da ba za ka ji cewa ƙarfe ne mai nauyi a hannun mace ɗaya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ja da hoton baya idan ƙato ya miƙe. A hankali filin yake buɗewa, Thora tana ƙanƙancewa har ta koma kamar tururuwa a gindin ɗaya daga cikin duwatsun nan namu na Birni. Na san wasu suna ƙorafin cewa a lokacin sukan rasa inda take, kuma ƙorafin yana da tushe, musamman a ƙaramin allo. Amma ban taɓa ganin wasan da ya sa na ji ƙanƙantar mutum a gaban abin da ya fi ƙarfinsa kamar wannan ba. Ka lura kuma da tafkin da ya daskare, inda macijin Jormungandr yake iyo a ƙarƙashin ƙanƙara. Kafin ka gan shi, inuwarsa kake fara gani tana girma a ƙarƙashin ƙafarka, baƙa a cikin shuɗi, sannan ya faso. Ranar da na fara ganin wannan sai da na ja kujerata baya. Launi biyu ne kawai da inuwa, amma an san inda za a ajiye kowanne.

Ina yawan wucewa ta gaban tsofaffin gidajen Birni masu zane a fuskar bango, kuma abin da nake gaya wa yaran da ke koyon aiki a wurina shi ne su dubi inda layin ya ɗan kauce, domin nan ne za su ga hannun maginin. Layukan Jotun ma haka suke, ba su da santsin da na'ura take bayarwa, wani wurin kauri wani wurin siriri. Idan ka bar ƙanenka yana kallo, ka ba shi takarda da fensir.

Malamar Tarihi daga Sabon Gari ta amsa:

Malam Ɗan Birni, tambayarka ta uku ita ce ta sa na shigo, domin ina koyar da yara masu shekarun ƙanenka, kuma na san idan ba a amsa musu ba sukan ƙirƙiro amsar da kansu.

Ka fara da sunan, saboda shi ne mafi sauƙi kuma mafi muhimmanci. Isa na wannan wasa ba shi da wata alaƙa da sunan Annabi Isa, alaihis salam. Kamar lafazi ce kawai. Mutanen arewacin Turai na dā suna da haruffansu da ake sassaƙawa a kan dutse da itace, tsohon jerinsu haruffa 24 ne, kuma kowane harafi yana da suna mai ma'ana. Daga cikinsu aka ɗauko sunayen ƙattan biyar. Isa yana nufin daskararren ruwa. Hagalaz ƙanƙarar da ke faɗowa daga sama ce, abin da mu a Hausa muke haɗa su biyun a kalma ɗaya saboda ba mu zauna da su ba. Jera shekara ce ko girbi, shi ya sa aka ba ta siffar tsiro. Fé dabbobin kiwo ne da dukiya a lokaci guda, kuma wannan ba zai zama baƙo ga duk wanda ya ji makiyayi yana kiran garkensa dukiya ba. Kaunan kuma an danganta shi da wuta. Alamomin da Thora take tattarawa kafin a buɗe mata ƙofar kowane ƙato waɗannan haruffa ne.

Sauran labarin kuwa, abin da mutanen Sikandinabiya suke faɗa ne game da farkon duniya kafin Kiristanci ya iso musu. Suna cewa da farko akwai wani wawakeken sarari, Ginnungagap, tsakanin ƙasar sanyi Niflheim da ƙasar wuta Muspelheim, kuma inda zafi ya haɗu da ƙanƙara ne ƙaton farko, Ymir, ya fito. Odin, babban abin bautarsu, da 'yan'uwansa biyu suka kashe shi, suka yi ƙasa da namansa, teku da jininsa, duwatsu da ƙasusuwansa, sama kuma da ƙoƙon kansa. Rijiyar Mimir da yayanmu ya ambata ita ce rijiyar hikima wadda suke cewa Odin ya ba da idonsa ɗaya don ya sha daga cikinta. Loki kuma, idan kana son ƙanenka ya gane shi nan take, ka ce masa Gizonsu ne: mai wayo, mai jefa jama'a cikin rikici, wani lokaci kuma shi ne mai fitar da su.

Abin da ya kamata yaron ya sani shi ne mutanen Ayislan sun karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000, kuma yawancin abin da ya iso gare mu na waɗannan labarai an rubuta shi ne bayan haka da fiye da shekaru 200. Snorri Sturluson, wanda ya tattara da yawa daga cikinsu wajen 1220, Kirista ne, kuma ya yi aikin ne don mawaƙan zamaninsa su fahimci tsofaffin waƙoƙin kakanninsu. Akwai ma abin da ya shafe mu kai tsaye: ɗaya daga cikin bayanai mafi daraja game da waɗannan mutane Musulmi ne ya rubuta shi. Ahmad ibn Fadlan, wanda yake cikin tawagar da Halifa al-Muqtadir ya aika daga Bagadaza, ya haɗu da 'yan kasuwar Rus, waɗanda ake dangantawa da mutanen Sikandinabiya, a bakin kogin Volga a 922, ya ga yadda suka ƙone gawar shugabansu a cikin jirgin ruwa, ya rubuta abin da ya gani filla-filla ba tare da imaninsa ya girgiza ba.

Ni a ajina nakan ce wa yara wannan tatsuniyar wasu mutane ce, muna jin ta don mu san yadda suka yi tunani, kamar yadda ake ba da labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Ban ce kowane gida zai ga abin haka ba. Wasan yana nuna mutum-mutumin waɗannan abubuwan bautar, kuma a gabansu Thora take karɓar baiwa, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi malamin da ya yarda da shi ya yi masa bayani. Abin da ba na so shi ne a bar yaron yana kallo shi kaɗai ba mai gaya masa komai.

Ɗalibi daga Jami'a ya amsa:

Da izinin manyana, ina da saɓanin ra'ayi kan taswirar, wadda ba wanda ya taɓo ta. Na yarda faɗan ƙattan yana da kyau, amma wuraren da ake ratsawa kafin a kai gare su sun yi faɗi da yawa, kuma a wasunsu mutum zai yi tafiya mai tsawo bai gamu da komai ba. Thora ba ta da sauri, taswirar kuma ba ta nuna ka, saboda haka kuskuren hanya sau ɗaya yana cin minti goma. Ga wanda yake da tabbacin wuta wannan ƙila natsuwa ce, amma ga wanda yake wasa yana sauraron lokacin da fanka za ta tsaya, hasara ce. Dabarar da ta taimake ni ita ce in nemi wani abu mai siffa ta daban a inda nake, gaɓar kogi ko wani babban dutse, in samo shi a taswira, sannan in riƙe gefe ɗaya ina bi har in zagayo. Wuri ɗaya ne na ji tafiyar ta biya kuɗinta, wato inda guguwar sanyi take tasowa sai ka ruga bayan dutse ka fake har ta wuce. Duk wanda hazon hunturu ya taɓa rufe shi a hanyar Tanout zai gane wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Mai Zanen Alluna ya sake amsawa:

Ƙanena ɗalibi, ban musa maka ba cewa wasu wuraren sun yi tsawo. Sai dai ka lura cewa dabarar da ka kawo, ta neman dutse ko gaɓar kogi, ita ce ainihin abin da masu wasan suke so ka yi. Da sun sa maka ɗigo mai nuna inda kake, da idonka yana kan ɗigon, ba za ka ɗaga kai ka ga saiwoyin Yggdrasil, itacen da mutanen Viking suke cewa yana riƙe da duniya, ko abin da ke kwance a can ƙasa yana cin su ba.

Ɗan Birni ya dawo:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Yaya na Zango, na bar Isa na kwana biyu na shiga wasu yankunan, na samo tuffa uku da garkuwar Heimdall. Da na koma, sau biyu na shiga ban kai sara ba, ina kallo kawai, kuma a nan na gane cewa duk daren nan huɗu ban taɓa duban ƙaton ba, idona yana kan Thora da layin ranta. A gwaji na biyar na kayar da shi, saura kaɗan raina ya ƙare, kuma ban yi babban sara ya fi sau shida ba a dukan faɗan. Bayan ya faɗi, muryar Thora ta ci gaba da ba da labarin mahaifinta da ɗan'uwanta, na ajiye hannu na saurara har ta gama.

Malama, na gaya wa ƙanena ma'anar sunan kamar yadda kika bayyana, kuma hankalinsa ya kwanta. Da na ce masa Loki Gizonsu ne, sai ya tambaye ni ko yana da Ƙoƙi. Takardar da Malam Mai Zane ya ce in ba shi ta riga ta cika da macijin tafki, ya zana inuwar da gawayi saboda ya ce fensir bai yi baƙi sosai ba.

Game da taswira, har yanzu ina tare da ɗalibi, domin jiya ma na ɓata a yankin wuta. Yanzu ina gaban Hagalaz, kuma da na rage mata rai sai ta rabu gida biyu, tsawa tana sauka ta ko'ina, na rasa wadda zan bi. Yaya na Zango, a nan ne ya kamata in ajiye Thorar ƙarya ta Loki, ko in adana ta sai ƙarshen faɗan?